Masanin Ruwa Ya Dawo Daga Azbin

A ƙasarmu, tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, noman damina na cika ciki ne. Noman rani shi ke sa mutum ya sauya babur ko ya fara tunanin ƙarin aure. Albasa ce ke wannan aiki, ita kuwa ba ta karɓar uzuri: tun daga dashe har ganyenta ya kwanta, ruwa take so, kuma a kan kari. Shi ya sa duk hirar majalisa, ko da siyasa aka buɗe ta, a bakin rijiya take sauka. Wane ya gina ya samu a gaba 4, wane ya kai gaba 20 yana shaƙar ƙura. Shekara da shekaru ni ɗan saurare ne a wannan fage. Malamin firamare ne ni, alli na sani da rajista, kuma da na tsaya nan da yanzu hannuna na hagu ba ya sanar da ni shigowar hunturu.

Kafin a rufe boda a 2019, wani aminina dillalin albasa ya ce in raka shi Agadas, yana son ganin albasar duwatsu da ake ta ba shi labari. Muka bi ta Illela, muka tsallaka Konni, muka wuce Tawa da Abalak. Daga Agadas aka ɗora mu bayan wata tsohuwar mota zuwa Tabelot ta ƙasar Azbin, a gindin dutsen Bagzam, wanda tsayinsa ya kai wajen mita 2,000. Ban taɓa ganin ƙasa mai tsananin rowa irin wannan ba. Duwatsu baƙaƙe wuluk, ko ciyawar da akuya za ta yi wa kallon raini babu. Ruwan da ke sauka can a shekara bai cika kai milimita 200 ba, mu kuwa da muke kuka kullum muna samun wajen 800. Sai ga mu mun karya kwana, lambuna shar sun tare mu: albasa, tafarnuwa, tumatir, alkama, dabino a tsaye a kansu.

Na daɗe a bakin wata rijiya ina kallon raƙumi yana ban-ruwa. Yaro ya ja shi ya gangara, igiya ta bi ta kan gungumen da aka gicciya, wasaki ya taso cike, bakinsa na ƙasa ya saki ruwa cikin kututturen da aka fafe, ruwa ya bi lambatu zuwa fangali. Raƙumi ya juyo da kansa, ba tsawa ba bulala. Mai lambun, wani dattijon Buzu mai Hausar Agadas, ya ga na buɗe baki, sai ya shimfiɗa mana buzu ya ɗora shayi, ya shiga bayani. Ya ce in an yi ruwa a kan dutse, dutsen ba ya sha. Ruwan yakan taru ya sauko kori da gudu, kafin wani lokaci ya wuce abinsa. Wani sashi yakan nutse cikin rairayin korin, shi ya sa duk rijiyoyinsu a gefen kori suke. Wannan ɓangare na bayanin ya zo daidai lokacin da nake fama da kofin shayi na farko, mai ɗacin nan, saboda haka bai zauna mini sosai ba. Wanda ya zauna shi ne na biyu. Ya ce wani sashin kuma yakan shige tsagogin dutse ya ɓuya, ya riƙa tsattsafowa a hankali har rani ya fita. Da yamma ya hau da mu wani lungu, ya nuna mana tsaga wadda tafin hannu ba zai shiga ba. Gansakuka ta yi kore a bakinta, ruwa yana ɗiga, sanyi ƙalau. Na tara hannu na sha. A nan take na ji an yaye mini wani labule.

Na dawo Jega da baƙin rawani, da ƙullin cuku, da ilimi.

Kada mai karatu ya ɗauka ilimin ƙarya ne. Gaskiya ne tsantsa, na ma bi littattafai na tabbatar. Dutse irin na Azbin, in ba shi da tsaga, gurbin da ruwa zai zauna a cikinsa bai cika kai kashi 1 cikin 100 ba, alhali rairayi mai kyau yakan ba ruwa wajen kashi 30. Saboda haka a ƙasar dutse ruwa wuri biyu yake samu: ruɓaɓɓen saman dutsen da ya zama ƙasa, da kuma tsagogin da ke ƙarƙashinsa. Ba sai an je Nijar ba, a cikin jiharmu ta Kebbi ma haka abin yake wajen Zuru da Yawuri. Can za ka ga burtsatse biyu kusa da juna, ɗaya tana shayar da unguwa, ɗaya ko alwala ba ta bayarwa, don ɗaya ta dace da tsaga, ɗaya ta kuskure ta da taki kaɗan.

Da wannan na shiga majalisar mai shayi. Na ce musu duk wahalar banza suke yi, suna cunkushe a fadama suna faɗa kan iyaka, ga ruwan gaske can a sama ba wanda ya taɓa. Wani tela ya ce, "To Malam, ina dutsin yake nan ƙasar?" Na miƙa hannu na nuna masa tuddan nan namu masu shafaffen kai, waɗanda marmara ta lulluɓe. Na ce, "Wancan mene ne, katifa?" Aka yi dariya, kuma a lokacin da ni ake yi.

Surukina na Maiyama, dattijo mai kunya, da ya ji ina shirin noman rani ya aiko a gaya mini akwai wani yanki a fadamarsa da ba a taɓa ba bana, in ina so. Na aika masa da goro da godiya. Na kwashe adashina, na haɗa da bashin ƙungiyar malamai, na nemi wani tudu can bayan hanyar Aliero. Mai wurin bai bari na gama tayi ba ya ce Allah shi sa albarka. Har ya tambaye ni ko ina son na ƙanensa da ke maƙwabtaka. Na ɗauki wannan a matsayin karamci.

Sai neman tsaga. Nakan fita bayan asuba da rawanina da sanda, in bi marmarar nan taki-taki ina ƙwanƙwasawa ina kasa kunne. Tsagogi kam akwai su, amma duk a bushe, sai ƙadangaru da kunamu. Wata safiya Allah ya nufa na ci karo da wata doguwa, kuma ga danshi a bakinta, ƙasa ta yi baƙi faɗin faifai. Gabana ya faɗi. Na durƙusa na shafa, na shinshina. Wari ne mai ɗan kaifi, na ce ma'adinai ne. Na dangwala yatsa na kai harshe, gishiri-gishiri. Na tuna ai Azbin ma hanyar gishiri ce. Na kafa sanda a wurin, na ɗaga hannu ina godiya ga Allah. Wani yaro da ke kiwo, wanda ashe tun ɗazu yake tsaye, ya ce, "Ina kwana Malam. Nan jakin Baba ka kwana."

Na ce masa ya wuce ya ba ni wuri. Na kuma yi nazari: dabba ba ta zaɓar makwanci a banza, sanyin ruwan ƙasa ne ya jawo shi. Sandar ba ta tashi ba.

Na ɗauko Baba magini, wanda shi ya gina rijiyar gidanmu tun ina yawo ba wando. Tsohon ya hau tudun yana dogara dagi. Abin da ya ba ni haushi, ko sau ɗaya bai dubi tsagata ba. Itatuwa yake kallo. Ya juya gabas, ya juya yamma, ya ce, "Malam, geza da sabara kaɗai nika gani. Ko ɓaure guda babu. Ruwa kam akwai shi, ƙasarga duk ruwa na, amma nan shina da nisa ƙwarai. Mu sauka can inda giginyun can suke, in gina maka wadda za ka sha kamin sati."

Na ce, "Baba, ka taɓa zuwa Azbin?"

Ya ce, "Ban taɓa ba."

Na ce, "To."

Ya yi shiru, ya gyara hula, ya ce, "Kuɗinka na, Malam."

Farkon aikin ya yi mini daɗi. Diga tana dukan marmara, wuta tana tartsatsi, yaransa suna gumi suna tsaki, ni ina zaune a inuwar lema ina cewa dutse ke nan, ku yi haƙuri. Ba su cika gaba 2 ba sautin ya sauya. Jar ƙasa ta fito, bayanta yumɓu, fari da ruwan hanta a cakuɗe, mai kama hannu. Baba ya leƙo sama ya ce, "Malam, dutsinka ya ƙare." Na ce wannan mayafi ne kawai, uwar dutsen tana ƙasa. Suka ci gaba. Yumɓu, yumɓu, ɗan rairayi busasshe, yumɓu kuma. Matan ƙauyen da ke kusa suka gano wurin, suka riƙa zuwa da kwanduna suna ɗiba don ginin tukwane da yaɓen ɗaki, suna sa mini albarka. Wannan shi ne amfanin farko da jama'a suka samu daga aikina, kuma kyauta.

Da aka kai gaba 12, Baba ya zura aci-balbal da igiya. Muna kallo harshen wutar ya ƙanƙance, ya yi shuɗi, ya mutu. Ya ce iskar ƙasa ta ɓaci, ba ya sake tura ɗan kowa. Ni kuwa na tabbata sun wuce tsagar ne ba su gane ta ba, don ba su san kamanninta ba. Na sa suka yi ta zura ganye suna ja har fitila ta daina mutuwa, na naɗe riga, na cusa tocila a baki, na fara sauka ta ƙofofin da suka sara a bango. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne yumɓu, in gumin ƙafa ya taɓa shi, santsi yake. Ban san adadin gabar da ta rage ba lokacin da na bar bango, amma na san na isa ƙasa kafin tocilar. Da igiyar fid da laka aka jawo ni, ina rungume da hannuna, rawanin Azbin kuma yana can har yau.

Alhamdu lillahi, Aliero ce kusa. Duk wanda ya san garin ya san bayan albasa sai ɗori. Daga nesa ake kawo musu masu karaya, har daga Nijar da Binin. Na tarar da layi: 'yan acaba, wani da sa ya tunkuya, wani yaro da ya faɗo daga mangwaro. Mai ɗorin ya riƙe hannuna yana latsawa a hankali.

"Babur?"

"A'a."

"Icce?"

Na rage murya na ce, "Rijiya."

"Subhanallahi. Ka sha ruwa da yawa?"

"Babu ruwa a ciki."

"Ta wa ce?"

"Tawa ce."

Wanda sa ya tunkuya ne ya fara, yana dariya yana riƙe haƙarƙari yana salati. Ina cikin harararsa mai ɗori ya fizgi hannun, na ji ƙas, na kira sunan mahaifiyata a gaban jama'a. Ya jera karare, ya naɗe da tsumma, ya ce kada in ɗaga komai mai nauyi, ya ƙara da cewa har da guga, in Allah ya sa an samu abin ɗebowa.

Ina jinya ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni. Yana karatun kimiyya a jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, kuma tun yana aji uku ni na koya masa jadawalin sau. Ya zauna a ƙasa, ya yi mini sannu, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya jawo akushin tuwon da aka ajiye mini.

Ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba gyara zan yi maka ba. Ka ga bakin akushin nan? Nan Azbin ke nan, inda ka je. Nan gefen kuma duwatsun Zuru da Gusau. Katakon ya bi ta ƙasa ya haɗe su. Mu Jega muna nan, kan tuwo."

Na ce ya cire yatsa daga abincina.

Bayaninsa dai, in an tace, ga shi. Wani ƙaton kwari ne ya taso tun daga Mali da Nijar ya shigo ƙasar Sakkwato da Kebbi, masana suna kiransa da sunan Abzinawan Iwillimidan, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 500,000. Miliyoyin shekaru koguna da tafkuna da teku suna zuba rairayi da laka a cikinsa, shimfiɗa kan shimfiɗa. Da ya ambaci teku na dakatar da shi, na ce ya ji tsoron Allah, teku a Sakkwato? Ya ce ƙwarai, kuma ba sau ɗaya ba. Ya ce farar ƙasar da ake sarrafa siminti da ita a Kalambaina ragowar halittun tekun nan ce, in ka fasa ta kana ganin ɓawon katantanwa. Ya ce an tono ƙasusuwan wani ƙaton dodon teku a yankin Goronyo, wanda ya rayu fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, har masana suka laƙa masa sunan garin. Kowace shimfiɗa da sunanta, kuma duk sunayen gida ne: Gundumi, Illo, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, sai ta sama, Gwandu, wadda yawancin tuddanmu nata ne. Masanin ƙasa Farfesa Kogbe ya yi rubutu mai yawa a kansu. Tun a shekarun 1960 ma'aikatan binciken ƙasa na Amurka da na Nijeriya suka bi yankin suna haƙa suna awo, aka buga rahotonsu a 1973.

Marmarar da na dogara da ita, in ji shi, ba ta da dangantaka da dutsen Azbin ko ta wajen uwa. Ƙasa ce mai ƙarfe da damina da rani suka gasa ta daskare a sama, kaurinta bai wuce 'yan mitoci ba. Ruwanmu yana cikin shimfiɗun rairayi, tsakanin ƙwaya da ƙwaya, yumɓu kuma yana tsare shi sama da ƙasa. Shimfiɗun sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma, shi ya sa a kwarin Rima, wajen Birnin Kebbi da Argungu, aka sami burtsatsen da ruwa ke tasowa da kansa ba inji: ruwan sama ya shiga rairayin daga inda ya fi tudu, yumɓu ya danne shi, da an huda sai ya yi sama. A irin wannan ƙasa ba a neman tsaga, zurfi ake tambaya. Wanda ya hau tudu kuwa ya ƙara wa kansa tsawon tudun a kan zurfin da kowa ke biya.

Ya ce in na yarda zai zo da abokansa da na'urar sabe. Za su kafa turakun ƙarfe a jere, su ja waya, su tura wutar batir cikin ƙasa. Yumɓu yana barin wuta ta wuce da sauƙi, busasshiyar marmara tana tare ta, jiƙaƙƙen rairayi yana tsakani, da haka za su ƙiyasta inda kowanne yake. Kuɗin mai kawai zan ba su. Na dube shi, yaron da na share wa majina. Na ce batir ne zai gaya mini abin da na gani da idona na kuma sha da bakina? Ya ce, "Wanne daga ciki, Kawu?" Ashe labarin jaki ya kai jami'a.

Hannu na warwarewa na shiga mataki na gaba. Tunda hannu ya kasa, sai inji. Masu haƙar burtsatse na kusa da mu dukkansu da laka suke aiki, na ce waɗannan ba su san dutse ba. Na sa aka nemo mini wasu daga ƙasar duwatsu, masu kwamfuresa da guduma. Ogansu ya zo ya leƙa rijiyata, ya murza yumɓun da ke gefe, ya ce, "Alhaji, wannan ba wurin guduma ba ne." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma kalmar ta yi mini daɗi, ta kuma ƙara mini taurin kai. Na ce ya haƙa. Lokacin ba su da aiki, ga motoci sun riga sun ƙona mai. Ya ce to, amma in rubuta da hannuna cewa duk abin da ya maƙale a ƙasa ni zan biya. Na rubuta, da kyakkyawan rubutun malamin makaranta, har da ja masa layi.

Ranar haƙa na gayyaci majalisa. Na sayi goro da lemo, na sa aka kawo benci. Baba magini ma ya zo, ya zauna can nesa a kan dagi. Aka kafa inji dab da rijiyar, gefen inda na kafa sandata. Kwamfuresa ta yi ruri, guduma ta hau marmara, jar ƙura ta turnuƙe sama, ƙasa tana rawa ƙarƙashin ƙafa. Na miƙe na yi ɗan jawabi kan jahilci da illolinsa, ko da yake ƙarar inji ta cinye mafi yawansa. Bayan marmara aikin ya yi nauyi, yumɓu ya riƙa toshe guduma, suna ɗagawa suna busawa suna ƙara sanda. Rana ta take. Lemo ya ƙare. Tela ya fara duban hanya.

Can wajen la'asar sai ramin ya yi tari, ya yi wani gurnani, sai ga ruwa ya yi tsiri sama, jajawur da laka, ya zubo mana a ka. Jama'a, ban san ina da sauran gudu a jikina ba. Na zagaya injin ina kabbara, yara suna bina. Na tsaya gaban Baba magini, jiƙe sharkaf, na ce, "Baba, wannan mene ne?" Ya miƙa hannu ya shafo kafaɗata, ya murza abin da ya samu tsakanin yatsu, ya nuna mini. Farin rairayi ne, mai laushi. Ya ce, "Ruwa na, Malam. Ga kuma gidansu."

Ban sami damar amsawa ba, don a daidai nan ƙarar injin ta sauya. Sandunan suka daina juyawa. Oga ya yi tsalle ya kama liba, ya ja sama, motar ta ɗaga gaba tana karkarwa, sanda ko motsi. A ƙasar dutse ramin da guduma ta huda yana tsayawa da kansa, bango ne mai ƙarfi. A jiƙaƙƙen rairayi kuwa iskar kwamfuresa tana ƙwaƙule gefe ne, ta yi kogo, kogon ya rufto. Dalilin da ya sa mutanenmu ke haƙa da laka ke nan: sukan gina rami a gefe su dama ta da kauri, inji ya tura ta ƙasa ta cikin sanda, ta dawo ta gefe ɗauke da abin da aka haƙa, nauyinta ya tokare bango, ta kuma shafe shi. In an kai rairayin da ake so a zura kesin, a sa mai tsaga-tsaga daidai wurin ruwa, a zuba tsakuwa a kewaye, a wanke. Duk wannan ogan ne ya karanta mini shi, da ƙarfi, cikin dare, da takardata a hannunsa. Sun yi ta fama har suka haƙura suka kwance abin da ya kwantu. Guduma da sanduna da dama suna nan ƙasan tuduna, kusa da rawani.

Ga shi kuma tun kafin a fara haƙa na riga na zuba irin albasa a gefen tudun, saboda yaƙini. Ya tsiro gwanin sha'awa. Don kada ya ƙone sai na koma sayen ruwa jarka-jarka daga ƙauye, ana kawo mini a amalanke. Yaron nan ne ke kawowa, jakin nan ne kuma ke ja. Duk safiya in ya iso sai ya tsaya ya dube ni, ya kaɗa kunne. Na lissafa, a kuɗin ruwan da nake biya, kowace albasa sai an sayar da ita a farashin kaza kafin in mayar da uwar kuɗi.

Maiɗakina ba ta ce uffan ba tun farkon lamarin, kuma duk mai aure ya san irin wannan shiru. Wani dare tana miƙo mini ruwan wanke hannu ta ce, "Malam, Inna tana gaishe ka. Ta ce a gaya maka fadamar Baba tana nan inda take, ba ta tashi ba."

Na je Maiyama da daddare don kada a gan ni, na kwana, aka gan ni da safe. Surukina ya tambayi hannu, ya tambayi yara, ya tambayi makaranta, bai ambaci tudu ba ko da kuskure. Na fi son a ce ya zage ni. Ya sa aka kira wasu samari masu saka tiyubwel. Suka zo da babur ɗaya, da bututu, da ƙaramin injin ban-ruwa. Suka tura ruwa ta cikin bututu suna ɗagawa suna saki, rairayi yana bulbulowa ta gefe, bututu yana nutsewa. Irin wannan rijiya ba ta cika wuce mita 15 ba, don rairayin da ruwa ya shimfiɗa a fadama duk damina yake ƙoshi, kuma tun shirin Fadama na Bankin Duniya a shekarun 1990 ta zama ruwan dare a ƙasarmu. Kafin a kira azahar inji yana aman ruwa fari tas. Babbansu, wanda bai kai ɗan ƙanwata ba, ya ce, "Baba, ko akwai inda kake son mu duba maka tsaga?" Sauran suka sunkuyar da kai kafaɗunsu suna rawa.

Na kwaso irin da ya tsira na dasa a makare. Albasa ta yi, ba laifi, sai dai ta fito lokacin da kowa ya fito da tasa, kasuwar Aliero ta cika maƙil, farashi ya faɗi. Na zuba ta a rudu ina jiran tsada, ogan guduma kuma yana jirana. Shi ya fara gajiya da jira, saboda haka shi ya ci tsadar.

Ni dai har gobe ina kan bakana cewa akwai tsagar dutse a ƙarƙashin tuduna. Na matsa wa ɗan ƙanwata, ya kuma amsa cewa akwai, in an wuce ɗaruruwan mitoci na rairayi da yumɓu aka taɓa katakon akushin. Na sa ya maimaita a gaban tela. Abin da ya rage kawai shi ne kuɗin isa can, da kuma dalilin da zai sa mutum ya ratsa ruwa hawa-hawa don ya je neman wanda ya fi shi ƙaranci.

Kwanakin baya wani malami ɗan'uwana da aka yi wa canji zuwa Zuru ya kira ni. Ya ji an ce na yi gwagwarmaya da harkar burtsatse, yana son haƙa ɗaya a gidan da ya gina a gindin dutse, wai an ce sai ya biya kuɗin sabe tukuna. Na ce kada ya kuskura ya ɓata kuɗinsa. Na yi masa bayanin teku, da dodon Goronyo, da shimfiɗun rairayi, na ce ƙasar Kebbi duk ruwa ce, ko'ina ya huda zai samu, ya dai tabbata ya ɗauko masu laka, kada ya yarda da masu guduma. Ya yi godiya ƙwarai, ya ce zai neme ni in an fara. Tun makon jiya lambarsa take shigowa wayata safe da yamma, ni kuwa ga jarrabawar yara ta taso, ayyuka sun yi mini yawa.